Kalanda a Inda Babu Sabis: Nazarin Ƙa'idojin Daidaita Jadawali Tsakanin Waya da Sabar a Ƙasar Birnin Gwari

Tsakure

Maƙalar nan ta duba ƙa'idojin da waya da sabar ke bi wajen daidaita kalanda, musamman CalDAV da tsarin rubutun iCalendar, ta kuma auna su da halin da ma'aikata ke ciki a Saminaka da kewayenta a ƙasar Birnin Gwari. An gina ƙa'idojin ne a kan zato biyu: cewa yankewar sadarwa ta ɗan lokaci ce, kuma cewa ranar kowane al'amari abu ne da lissafi zai iya fitarwa tun kafin ta zo. A wannan yanki ba a iya dogara da ko ɗaya daga cikinsu. Maƙalar ta kafa hujja cewa kalandar da za ta yi aiki a nan dole ta riƙe saɓani har mutum ya warware shi, ta kuma ɗauki sunan wanda ya yanke rana tare da ranar.

1.0 Gabatarwa

Ranar Alhamis 30 ga Satumba 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna, ciki har da Birnin Gwari, bisa buƙatar gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i. Zamfara ce ta fara a farkon watan, Katsina da Sakkwato suka bi sahu. Ba a sanar da mayar da layukan ba sai 26 ga Nuwamba, ta bakin kwamishinan tsaron cikin gida na lokacin, Samuel Aruwan. Kwana 57 ke nan. Wata guda kafin katsewar an riga an dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da Chikun da Giwa da Igabi da Kajuru, sannan ranar da aka katse layin aka haɗa da haramta hawa babur. An yi ta magana kan abin da wannan ya jawo wa 'yan kasuwa da masu POS da iyalan da aka kama musu 'yan'uwa. Ni abin da na kawo ƙarami ne, har wani zai ce bai kai a tsayar da taro a kansa ba: kalandar da ke cikin waya.

A lokacin ina taimaka wa wasu ma'aikatan lafiya da tsara jadawalin fita ƙauyuka, kuma Saminaka na cikin wuraren da suke zuwa. Saminakar Birnin Gwari nake nufi, ba ta Lere da aka fi sani ba. Wannan tana yammacin jihar ne, ƙasar da dajin Kamuku ya haɗe da na Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Abin da ya faru da jadawalin nan shi ya sa na koma na karanta takardun ƙa'idojin da kansu, na gano cewa matsalar ba ta hannun ma'aikatan ba ce. Tun ran gini aka yi zanen.

2.0 Yadda waya da sabar ke magana

Kafin a zo ga daidaitawa sai an yarda da yadda za a rubuta al'amari guda. Aikin iCalendar ke nan, wanda hukumar IETF ta fitar a 1998 cikin takarda mai lamba RFC 2445, aikin Frank Dawson na kamfanin Lotus da Derik Stenerson na Microsoft, aka sabunta shi a 2009 da RFC 5545. Rubutu ne zalla, layi bisa layi, mutum zai iya buɗe fayil ɗin ya karanta da idonsa. Kowane al'amari yana da sunan yanka da ba ya canzawa ko an ɗaga shi sau goma, wato UID. Yana da lokacin farawa. Idan mai maimaituwa ne, layin RRULE zai ce kowace Talata, ko ran 1 ga kowane wata. Akwai SEQUENCE, lambar da ke ƙaruwa duk lokacin da mai shirya taron ya yi gyara mai muhimmanci, da kuma DTSTAMP, tambarin lokacin da aka rubuta saƙon.

CalDAV ya zo a watan Maris 2007 cikin RFC 4791, daga hannun Cyrus Daboo da Bernard Desruisseaux da Lisa Dusseault. Ya ɗauki kalanda tamkar jaka a kan sabar, wadda wasu masu fassara ke kira uwar garke, kowane al'amari kuma fayil ne a cikin jakar. Kowane fayil yana da hatimi mai suna ETag, wanda ke sauyawa da zarar an taɓa abin da ke ciki. A farkon lamari waya kan ce wa sabar ta lissafo mata dukan fayiloli da hatimansu, ta gwada da waɗanda ta sani, ta ɗauko waɗanda suka bambanta. Ga mai al'amari dubu a kalandarsa, wannan cin data ne kawai. Sai kamfanin Apple ya ƙara hatimi guda na dukan jakar, CTag: idan bai motsa ba, babu buƙatar a buɗe jakar ma. Daga baya, a 2012, RFC 6578 ta kawo abin da zan kira tikitin daidaitawa. Sabar kan ba waya tikiti a ƙarshen kowace ganawa. Idan ta dawo sai ta miƙa shi, a gaya mata abin da aka gyara da abin da aka goge tun daga ranar, a ba ta sabon tikiti. Wanda ya taɓa cin bashi a kanti ya san tsarin: mai shago ba ya karanto maka littafin daga farko, daga inda kuka tsaya zai ɗora.

Wajen aika gyara kuwa, waya kan ce: ga sabon rubutu, amma a karɓa ne kawai idan hatimin da ke wurinki shi ne wanda na sani. Idan wani ya riga ya taɓa fayil ɗin, sabar za ta ƙi, ta mayar da lamba 412. Nan ƙa'idar ta ajiye alƙalaminta. Ba ta ce a haɗa gyaran biyu ba, ba ta ce a tambayi mai waya ba, ba ta ce a jefar da na wane ba. An bar wa wanda ya rubuta manhaja.

Sauran ƙa'idojin 'yan gida ɗaya ne da wannan. Exchange ActiveSync na Microsoft yana da SyncKey, kalandar Google tana da nata tikitin, JMAP da aka fitar a 2019 cikin RFC 8620 yana da alamar hali da ake miƙawa a nemi canje-canje. Har tsohon SyncML na zamanin wayoyin Nokia haka yake. Ba zan daɗe a kansu ba, domin inda CalDAV ya yi tuntuɓe su ma nan suke yi.

3.0 Talata bakwai da suka ɓace

Jadawalin da na tsara yana da al'amari mai maimaituwa: rigakafin yara a wajen Saminaka, kowace Talata. Na rubuta shi sau ɗaya, na bar RRULE ya haifi sauran makonni, ina ganin na yi dabara. Da aka hana babur, akwatin sanyin da ake kawo allurar a ciki ya daina isowa ranar Talata, sai an jira motar da za ta biyo ayari. Jami'ar da ke kula da wurin, wadda zan kira Hajiya kawai, ta riƙa matsar da ranar mako-mako a wayarta, wani lokaci zuwa Laraba, wani lokaci Alhamis, tana rubuta a ƙasa unguwannin da aka sanar da wanda ya kai saƙon. Wayar ba ta yi mata gardama ba. Tana karɓar gyara ko babu sabis, ta ajiye sai ranar da aka sadu da sabar. A can Kaduna kuma, inda layi bai yanke ba a unguwar da ofishin yake, wani abokin aikinmu ya ƙara bayani a kan wata Talata ta watan Disamba. Jimla guda ce ya rubuta.

Bayan an mayar da layi na je na same ta a kan benci ƙarƙashin darbejiya, ta miƙo mini wayar, fuskar gilashin duk ta tsage. Talatoci ne jere reras, kamar ba a taɓa ɗaga ko ɗaya ba.

"Malam, ni fa da hannuna na gyara su," in ji ta. "Jiya da daddare suna nan. Da safe na ga sabis ya dawo, ina murna, sai na duba na ga wayam."

Na ce, "Hajiya, ba ki danna wani abu ba?"

Ta dube ni, ba ta ce komai ba, ta jawo wani littafin makaranta daga jakarta. Duk ranakun suna ciki da biro, har da sunan mai unguwar da aka aika wa. Ban sake yin irin wannan tambayar ba.

Ga abin da ya faru. CalDAV ya wajabta cewa duk sassan da ke ɗauke da UID ɗaya su zauna a fayil ɗaya. Saboda haka uwar al'amarin da dukan makonnin da aka ware aka gyara suna ƙarƙashin hatimi guda. Jimlar da aka ƙara a Disamba ta sauya hatimin. Da wayar Hajiya ta zo da gyaranta na Oktoba da Nuwamba, sabar ta ce 412, duk da cewa mutanen biyu ba mako ɗaya suka taɓa ba. Manhajar da na saka musu ta bi abin da yawancin irinta ke bi: na sabar shi ne daidai. Ta sauko da shi, ta shafe nata, ba ta ko yi tari ba. Ko ActiveSync, wanda ba shi muke amfani da shi ba, ya ba da zaɓi biyu ne kacal, ko na waya ya danne na sabar ko na sabar ya danne na waya, kuma idan ba a zaɓa ba na sabar ne ke tsayawa.

A ofishin da ke da intanet dare da rana, wannan hukunci ba shi da aibi sosai. Tsakanin gyara da aikawa daƙiƙu ne, abin da za a rasa bai wuce kalma biyu ba. Asarar tana girma ne da tsawon yankewa, kuma wanda ke nesa da sabis shi ke biya. Sai ka ga tsarin yana fifita wanda ke zaune kusa da sabar a kan wanda ke zaune kusa da aikin. A Saminaka wanda ya san ranar da allura ta iso ita ce Hajiya, amma maganarta ce aka jefar.

4.0 Tikitin da ya mutu da agogon da ya ɓata

Akwai rami na biyu. Domin sabar ta iya cewa an goge kaza tun bayan zuwanki, sai ta ajiye tarihin abin da aka goge, kuma ba ta ajiye shi har abada. RFC 6578 ta yarda sabar ta ƙi tsohon tikiti, ta ce a fara daga farko. Kalandar Google kan mayar da lamba 410 a irin wannan hali, umarnin da ke tare da ita kuma shi ne manhaja ta share abin da ta ajiye ta sake saukowa da komai. JMAP ma yana da amsar da ke nufin ba zai iya lissafa canje-canjen ba. To wayar da ta yi kwana 57 a daji ta dawo da mataccen tikiti, a kan layin da ke ɗauke wuta duk bayan minti biyu, ita ce za a ce ta sauko da kalanda sukutum. Idan ta tarar da al'amari a cikinta wanda babu shi a sabar, tambaya ta taso: goge shi aka yi a can, ko ƙirƙirarsa aka yi a nan? Manhaja mai hankali tana ganewa ta hanyar duba ko an taɓa ba fayil ɗin hatimi. Wadda ba ta kula ba, ko dai ta tayar da fitar da aka soke, ko ta binne wadda aka shirya. Ta farkon ta fi muni a wurinmu, don fitar da aka soke a ƙasar Birnin Gwari galibi an soke ta ne saboda labarin da aka samu game da hanya.

Sai batun agogo. Ƙa'idar gayyata ta iTIP, RFC 5546, ta ce idan saƙo biyu suka zo kan al'amari ɗaya, mai SEQUENCE mafi girma shi ne sabo; idan sun yi kunnen doki, a duba DTSTAMP. Amma waya daga turken sabis take samun sahihin lokaci. Wadda ta mutu kwana uku babu caji, ko aka cire mata batir aka kai wa mai janareto a kasuwa, tana iya tashi da kwanan watan da ba na duniyar nan ba. Na ga wadda ta koma shekarun baya, mai ita bai damu ba tunda rana yake dubawa ya san Azahar. Duk gyaran da aka yi a kanta zai zo da tambarin da ya girmi na kowa, ya faɗi a kowace gardama. Leslie Lamport ya nuna tun 1978 cewa a tsarin na'urori masu nisa da juna ba a dogara da agogon bango wajen sanin wane ya riga wane. Ƙidaya ake yi. SEQUENCE ƙidaya ce, amma guda ɗaya ce, ta mai shirya taro, ba ta iya nuna cewa mutum biyu sun yi gyara kowa bai san da na ɗan'uwansa ba.

5.0 Ranar da sai an ga wata

Zato na biyu ya fi na farko zurfi, kuma ko an dasa turken sabis a kowane ƙauye ba zai kau ba. RRULE inji ne: ka ba shi ƙa'ida, ya zubo maka ranaku har shekara ɗari. A 2015 RFC 7529, ta Cyrus Daboo da Gregory Yakushev, ta ƙara RSCALE domin a iya maimaita al'amari bisa kalandar da ba ta Miladiyya ba. Sunayen kalandojin daga ma'ajiyar CLDR ta Unicode ake ɗaukarsu, kuma akwai na Hijiriyya fiye da ɗaya a ciki: akwai na lissafi, mai zagayen shekara 30 wanda 11 daga ciki ke da kwana 355 sauran 354, akwai kuma Ummul Ƙura na Saudiyya. Ci gaba ne, ban raina ba. Sai dai babu ɗayansu da ke faɗin ranar Sallah a Saminaka. Wannan daga Sakkwato take fitowa, daga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar III, bayan an tattara rahotannin ganin wata daren 29, ta biyo ta rediyo da fadar Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, zuwa hakimai da limamai.

Ƙaramar Sallar 2024 ta isa misali. Nijar ta yi idi ranar Talata 9 ga Afrilu, Nijeriya ranar Laraba 10 ga wata. Maraɗi da Katsina agogonsu ɗaya, awa ɗaya gaba da agogon duniya, babu mai matsar da shi rani ko damina. A ma'ajiyar yankunan lokaci da kwamfutoci ke amfani da ita ma Yamai jingine take da Legas. Ga kwamfuta, wuri ɗaya ne. Amma 1 ga Shawwal 1445 rana biyu ce a tsakaninsu, domin hukuma biyu ce ta yanke. Bayanin da kalanda ke buƙata a nan shi ne wace fada mai wayar ke saurare, kuma babu layi a iCalendar da aka tanada domin haka.

Ba Sallah kaɗai ba. Komawa aiki kwana uku bayan Sallah, buɗe Islamiyya, ɗaurin auren da aka sa Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah, duk a rataye suke da ranar da ba a sani ba tukuna. Haka sa'o'in yini: ba a ce wa matan ƙauye ƙarfe huɗu da kwata, ana cewa bayan La'asar, kuma La'asar tana tafiya da rana cikin shekara. Wanda ya rubuta 16:15 a kalanda ya ƙara wa maganar tabbacin da ba ta da shi.

Akwai 'yan kayan aiki a cikin ƙa'idar. Ana iya sa wa al'amari matsayin TENTATIVE, wato ba a tabbatar ba. RFC 9253 ta 2022 ta faɗaɗa yadda ake ɗaure al'amari da wani, har da tazarar da ke tsakaninsu, ta yadda a rubuce za a iya cewa wannan zai fara kwana uku bayan wancan. Amma rubutawa daban, manhaja ta yi aiki da shi daban. Kalandar da ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da itel da Infinix da mutanenmu ke riƙe da su ba ta jan 'ya'yan al'amari idan an matsar da uwarsu. Android ma ba ya zuwa da CalDAV a jikinsa, sai an saka wata manhaja ta tsaya a tsakani.

Abin da ya fi kusa da tsarinmu, a ganina, shi ne iTIP. Ya raba mai shirya al'amari da mahalarta: mai shiryawa kaɗai ke da ikon sauya rana, mahalarci sai dai ya amsa ko ya kawo shawarar wata rana, a karɓa ko a ƙi. Haka shela take. Mai shela ba ya fara da rana, da wanda ya aiko shi yake farawa, kuma jama'a na auna maganar ne da sunan da aka ambata. Ƙari a kan haka, saƙon iTIP bai damu da abin hawa ba. An saba aika shi ta imel, amma fayil ne ƙarami. Zai iya tafiya ta Bluetooth ko Xender daga waya zuwa waya, ya hau mota a aljihun direba har inda ake da sabis. Masu bincike sun daɗe da ba irin wannan sadarwa mai jure jinkiri suna da tsari, RFC 4838 ta 2007 a kanta take. Mutanen Birnin Gwari sun yi ta da wasiƙa da saƙon baka a makonnin nan takwas da aka katse layi ba tare da an koya musu ba.

6.0 Kalanda a hannun da bai dace ba

Wani abu da masu rubuta ƙa'idojin ba su da dalilin tunawa: kalanda labarin gobe ce. Littafin lambobi yana faɗin wanda ka sani, kalanda tana faɗin inda za ka kasance da ranar da sa'ar, har da waɗanda za ku tafi tare. A hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku, ko ta Funtuwa, abu na farko da ake karɓewa a hannun wanda aka tare shi ne waya. Idan an daidaita mata jadawalin dukan ma'aikata na wata uku, an miƙa taswirar tafiyarsu ke nan. Layin CLASS da ke cewa al'amari na sirri ne alama ce kawai, takardar iCalendar da kanta ta ce ba kulle ba ne. ActiveSync yana da umarnin goge waya daga nesa, amma sai wayar ta sadu da sabar umarnin zai isa, a dajin da babu sabis.

Nan buƙatu biyu suka yi karo. Yankewa mai tsawo tana so waya ta riƙe jadawali mai yawa don ta yi aiki ita kaɗai; tsaro yana so ta riƙe kaɗan. CalDAV yana da tambayar da ke iyakance tsakanin rana kaza da rana kaza, ana kuma iya raba kalanda gida-gida, kowa ya ga nasa. Abin da muka koma yi shi ne waya ta san rana da aiki, amma hanya da sa'ar tashi a bar su a baki.

7.0 Abin da ya kamata a gyara

Mafi sauƙi, kuma wanda kowa zai iya yi gobe ba tare da jiran IETF ba: a daina rubuta aikin fita a matsayin al'amari mai maimaituwa. Kowane mako ya zama fayil mai zaman kansa da hatiminsa. Ya fi cin wuri kaɗan, amma da na yi haka tun farko da jimlar Disamba ba ta taɓa Talatocin Oktoba ba. Haka kuma sabar da za ta yi wa irin wannan yanki aiki a saita ta ta riƙe tarihin gogewa na aƙalla rabin shekara. Ƙananan sabar irin su Radicale da Baïkal suna tashi a kan kwamfuta mai girman tafin hannu da farantin sola guda, ana iya ajiye ɗaya a cikin garin Birnin Gwari wayoyi su same ta ta wayafai ko an katse layin duniya. Sai dai CalDAV bai tanadi yadda sabar biyu za su daidaita da juna ba, dole a nemi wata manhaja ta haɗa ta da ta Kaduna.

Babban gyaran yana wajen 412. Manhaja kada ta yanke hukunci a ɓoye. Ta ajiye rubutun biyu, ta nuna wa mai waya: ga naki, ga na ofis, ga inda suka saɓa. Ba sabon abu ba ne. Rumbun bayanai na CouchDB haka yake yi, yana zaɓen ɗaya ya nuna amma yana riƙe ɗayan har a warware, kuma ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta gina manhajojin aikin lafiya a kansa don wuraren da sabis ke wuya. Inda gyaran biyu ba layi ɗaya suka taɓa ba, a haɗa su kawai. Inda suka taɓa rana ɗaya, a tambayi wanda ke da ikon ranar. Wannan shi ya sa nake ganin kowane al'amari ya ɗauki ƙarin layi biyu, wanda iCalendar ya halatta ta hanyar layukan da ke farawa da X: wa ke yanke wannan rana, kuma an yanke ko ana jira. Ga rigakafin Saminaka, Hajiya ce. Ga Sallah, fadar Sarkin Musulmi. Ga kasuwar kara ta Birnin Gwari, wadda ta yi shekaru a rufe kafin Gwamna Uba Sani ya buɗe ta a ƙarshen Nuwamba 2024, gwamnati ce da masarauta. RRULE da aka rubuta mata kafin a rufe ta zai ci gaba da sanar da ranar kasuwa duk mako tsawon shekarun nan, babu saniya ko ɗaya a fili.

Ga masu sayen manhaja a ma'aikatu da ƙungiyoyi kuwa, gwaji guda nake roƙo a yi kafin a sa hannu a takarda. A ɗauki waya biyu a kan kalanda ɗaya. A kashe wa ɗaya sabis, a mayar da agogonta baya da shekara guda, a gyara makonni bakwai a cikinta, a soke fita ɗaya daga ɗaya wayar, a ƙara jimla a wani mako na gaba. A sa sabar ta manta tikitin wayar farko, kamar yadda za ta yi bayan kwana 57. Sannan a kunna sabis a kan layi mai rauni, a ƙirga gyara nawa suka tsira, a duba ko fitar da aka soke ta dawo, a kuma lura ko wayar ta gaya wa mai ita abin da ta jefar.